TAYAR DA KWAMFUTA DAGA FILASHI: MATSALOLI DA HANYOYIN MAGANCE SU

GABATARWA

A ranar 14 ga watan Oktoba 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya kawo ƙarshen kulawar da ya shekara goma yana yi wa manhajar Windows 10. Kwamfutar da ke aiki da ita tana ci gaba da tashi kamar kullum, amma sababbin kafofin da ɓarayin intanet suke ganowa ba a toshe mata su, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Magajiyarta kuwa, watau Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba 2021, ta zo da sharuɗɗa masu tsauri, har da wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, wadda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da ita.

Wannan al'amari ya shafe mu ƙwarai, domin da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun jama'a na hannu ne, waɗanda aka yi aiki da su a Turai ko Amurka kafin su iso kasuwanninmu. Ga shi kuma kwamfuta ta zama tilas. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka kan kwamfuta. Ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, da na Jami'ar Tarayya ta Kashere, wadda aka kafa a 2011, da kwamfuta suke rubuta kundin kammala karatu. Saboda haka mutane da yawa sun dukufa wajen sake wa na'urorinsu manhaja, kuma da yake sababbin kwamfutoci ba su da gurbin faifai, da filashi ake wannan aiki.

A ɗauki misalin matashi mai shagon buga takardu a unguwar Manawashi cikin birnin Gombe. Kwamfutarsa ɗaya ce, a cikinta akwai kundin ɗalibai uku da takardun abokan ciniki na shekara biyu. Ya ari filashi wurin abokinsa, ya soka, kwamfuta ta ƙi kula shi. Ya yi ta taɓe-taɓe har ta karɓa, sa'an nan ya yi ta danna "ci gaba" ba tare da karanta gargaɗi ba. Kafin la'asar sabuwar manhaja ta hau, amma duk amanar mutane ta shafe. Domin kauce wa irin wannan hasara aka shirya wannan ɗan littafi. Ana roƙon mai karatu ya karanta shi har ƙarshe kafin ya taɓa na'urarsa.

1. YADDA KWAMFUTA TAKE TASHI

Babbar manhaja, irin su Windows da Linux, ita ce mai gida a cikin kwamfuta, amma ba ita ke fara farkawa ba. Da zarar an danna maɓallin wuta, wata ƙaramar manhaja da ke manne a jikin na'urar ita ke tashi, kamar mai gadi. Takan duba kayan ciki, sa'an nan ta bi jerin ƙofofin da aka tsara mata tana neman wanda za ta miƙa wa ragama: rumbun ciki, ko filashi, ko waninsu. Ƙofar da ta fara samun amsa, nan za ta tsaya.

Masu gadin nan iri biyu ne. Na dā shi ne BIOS, wanda ake aiki da shi tun kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981. Na zamani shi ne UEFI, wanda ya yaɗu bayan fitowar Windows 8 a 2012. Kowannensu yana da irin tsarin rumbun da ya saba da shi. BIOS yana tafiya da tsarin MBR, wanda ba ya wuce manyan yankuna 4, kuma ba ya amfani da abin da ya haura terabait 2. UEFI kuwa yana tafiya da tsarin GPT. Kwamfutoci da yawa suna iya duka biyun, sukan kira tsohuwar hanyar da sunan Legacy ko CSM.

Lalle mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida: abu uku ne dole su yi jituwa, watau mai gadi, da filashi, da rumbun ciki. In ɗaya yana kan tsohon tsari sauran suna kan sabo, aiki zai tsaya. Kaso mai yawa na matsalolin da za a ambata a gaba daga wannan saɓani suke fitowa.

2. SHIRI KAFIN A FARA

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwa biyar da ya wajaba a kammala tun da wuri.

Na farko, a kwashe muhimman takardu da hotuna zuwa wani rumbu dabam, a kuma buɗe kaɗan daga ciki a wata kwamfutar don a tabbata sun kwafu. Ajiye su a wani yanki na rumbun da za a yi wa aiki bai wadatar ba.

Na biyu, a nemi filashi na ƙwarai. Microsoft ta ce kada ya gaza gigabait 8, amma mai 16 ya fi kwanciyar hankali, tun da Ubuntu 24.04 kaɗai ta kai kusan gigabait 6. A yi hattara da jabu. Akwai filashin da aka rubuta masa 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali ainihin cikinsa bai kai kwatan haka ba. Irinsa yakan karɓi kaya ba musu, sai an zo buɗewa a tarar sun lalace. Manhajar H2testw takan cika filashi ta sake karantawa, ta fallasa gaskiyarsa.

Na uku, a sauko da fayil ɗin manhajar, wanda ake kira ISO, daga shafin masu ita, ba daga hannun wanda ba a sani ba. Kwafin sata ya saɓa wa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma sau da yawa akan cusa masa ƙwayar cuta mai satar kalmar sirri. Da yake sabis yakan yanke ana tsakiyar saukewa, a gwada hatimin fayil ɗin, watau SHA256, jerin haruffa da lambobi 64 da masu manhajar suke wallafawa. Manhajar Rufus tana iya lissafa shi. In harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin ya gurgunce, sai a sake saukewa.

Na huɗu, a nemo mabuɗin BitLocker. Wasu kwamfutoci suna zuwa da rumbu a kulle ba tare da mai su ya sani ba, kuma sauya saitin mai gadi yana iya sa su nemi mabuɗi mai lambobi 48. Galibi yana ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. A rubuta shi a takarda tukuna.

Na biyar, a tanadi wuta. Mutanen Gombe ba su manta da watan Afrilu 2024 ba, lokacin da aka lalata turakun babban layin wutar da ya taso daga Jos, gari ya yi makonni cikin ƙarancin lantarki. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar girka manhaja takan bar kwamfuta ba tsohuwar ba sabuwar. A cika batir, a kuma tabbata akwai mai a janareta, ko caji a inbata.

3. KWAMFUTA BA TA GA FILASHI BA

Wannan ita ce ƙorafin da aka fi kawowa, kuma dalilanta huɗu ne.

Akwai wanda yakan kwafi fayil ɗin ISO ya jefa cikin filashi kamar yadda ake jefa waƙa ko hoto. Wannan ba ya tayar da kwamfuta. Dole a rubuta shi da manhajar da aka yi don haka, kamar Rufus, wadda ta fito a 2011, ko balenaEtcher. Ventoy, wadda ta fito a 2020, ita ce ke ba da damar jefa fayilolin ISO kai tsaye, amma sai bayan an girka ta a filashin. A sani cewa rubutawa takan shafe duk abin da ke cikin filashi.

Akwai kuma wanda bai kira jerin ƙofofi ba. Ana danna maɓallin ne a kai a kai da zarar an kunna, kafin tambarin Windows ya bayyana. Ga waɗanda aka fi sani:

HP: F9 don jerin ƙofofi, F10 don saiti.
Dell: F12 don jerin ƙofofi, F2 don saiti.
Lenovo: F12 don jerin ƙofofi, F1 ko F2 don saiti.
Asus: Esc don jerin ƙofofi, F2 don saiti.
Acer: F12, amma sau da yawa sai an shiga saiti da F2 an kunna shi tukuna.

In Windows tana riga mutum tashi saboda sauri, ya riƙe maɓallin Shift yayin da yake zaɓen sake kunnawa. Za ta kai shi wani shuɗin allo inda zai zaɓi tashi daga filashi.

Dalili na uku shi ne kafar da aka soka filashin. Ƙurar hunturu takan cika kafofin, wasu kuma sun saki saboda tsufa. A sauya kafa, a guji mahaɗi mai baki da yawa, a kwamfutar tebur kuma a yi amfani da kafofin baya. Kafar USB 3.0, mai shuɗin harshe, ta fi sauri nesa ba kusa ba, amma wasu tsofaffin na'urori da tsofaffin manhajoji irin su Windows 7 ba sa gane ta lokacin tashi, sai baƙar kafa ta USB 2.0.

Na huɗu shi ne saɓanin da aka yi bayani a sama. A cikin Rufus akwai gurbin zaɓen tsari. GPT na sabuwar kwamfuta ne mai UEFI, MBR kuwa na tsohuwa ne mai BIOS. Filashin da aka rubuta don UEFI kaɗai ba zai bayyana ga kwamfutar shekarar 2009 ba, ko da lafiyarsa lau.

4. TA GA FILASHI AMMA TA ƘI SHI

Wani lokaci sunan filashi yakan fito, amma da an zaɓe shi sai allo ya nuna kashedin keta tsaro. Wannan aikin Secure Boot ne, wani shinge da UEFI yake da shi, wanda ba ya barin wata manhaja ta tashi sai mai ɗauke da sa hannun da aka amince da shi. Amfaninsa hana mugayen manhajoji shiga tun daga tushe.

Windows da manyan rassan Linux, irin su Ubuntu da Fedora da Debian, suna da wannan sa hannu. Sai dai akan soke tsofaffin sa hannu in an gano rauni a cikinsu. A watan Agusta 2024 wani gyaran tsaro na Windows ya sa kwamfutoci da dama masu ɗauke da Linux suka ƙi tayar da ita saboda wannan dalili. Don haka filashin da aka rubuta shekara uku da suka wuce yana iya daina aiki ba tare da ya lalace ba. Magani na farko shi ne a sauko da sabon fayil a sake rubutawa. In hakan bai yi ba, ana iya kashe shingen daga saiti na ɗan lokaci, bayan an tabbata mabuɗin BitLocker yana hannu, a kuma mayar da shi in an gama.

5. TA FARA TASHI SAI TA TSAYA

In tambari ya fito sa'an nan allo ya yi baƙi, galibi saɓani ne tsakanin Linux da na'urar hoto, musamman ta kamfanin Nvidia. A sake kunnawa, a zaɓi layi na biyu a jerin Ubuntu, wanda yake tayar da ita da saukakken hoto. Bayan an girka sai a ɗora direban da ya dace.

In saƙo ya ce ƙwaƙwalwar na'urar ba ta dace ba, to kwamfutar mai bit 32 ce, manhajar kuwa ta bit 64. Windows 11 ba ta da nau'in bit 32 sam, babban nau'in Linux Mint ma ya daina zuwa da shi tun 2020. Irin wannan na'ura sai a nema mata reshen Linux da aka yi musamman don tsofaffin kwamfutoci.

In kuwa wurin tsayawar yana sauyawa, yau nan gobe can, a zargi abu uku: filashi, ko ma'ajin wucin gadi da ake kira RAM, ko zafi. A gwada wani filashin. A bar manhajar Memtest86+ ta binciki RAM na wasu sa'o'i. A zafin watan Maris da Afrilu kuma, kwamfutar da ƙura ta toshe wa fanka takan kashe kanta in aiki ya yi nauyi. A hure ƙurar, a ɗora na'urar a kan tebur, ba a kan katifa ko darduma ba.

6. MATSALOLI WURIN GIRKAWA

Nan ne wurin da ake hasarar dukiya, saboda haka a nan ya kamata a fi natsuwa.

In Windows ta ce ba za ta hau rumbun ba domin yana kan tsarin GPT, ma'anarsa an tayar da filashin ta tsohuwar hanya. Ba a bukatar goge kome. A sake kunnawa, a duba jerin ƙofofi, za a ga sunan filashin sau biyu, a zaɓi wanda aka rubuta UEFI a gabansa. In kuwa ta ce rumbun yana kan MBR, akasin haka ne ya faru. Sai dai a tashi ta tsohuwar hanya, in manhajar ta yarda, ko a juya rumbun zuwa GPT. Wasu masu gyara sukan yi gaggawar buga umarnin da ke share rumbu gaba ɗaya, alhali tun 2017 Windows 10 tana ɗauke da wani makami mai suna MBR2GPT wanda yake juya tsarin ba tare da shafe kaya ba. Duk da haka kada a gwada shi sai da kwafin ajiya a gefe.

In mai girkawa bai nuna rumbu ko ɗaya ba, kada a yanke hukuncin cewa rumbun ya mutu. Kwamfutoci da yawa masu ƙwaƙwalwar Intel suna zuwa da saitin RST ko VMD, wanda yake ɓoye rumbu ga manhajar da ba ta da direbansa. Ko dai a sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar a sa a filashi, ko a mai da saitin zuwa AHCI. A lura, sauya wannan saiti yana iya hana tsohuwar Windows da ke ciki tashi.

In aiki ya tsaya ana cewa wani fayil ya ɓata, a tuna cewa tsarin FAT32, wanda filashi da yawa suke zuwa da shi, ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, babban fayil ɗin Windows kuwa yakan wuce haka. Wanda ya kwashe kayan da hannu zai faɗa wannan rami. Rufus da makamin da Microsoft ta tanada duk sun san yadda suke kewaye shi.

In Windows 11 ta ce kwamfutar ba ta cika sharuɗɗa ba, a duba saiti tukuna, domin sau da yawa TPM yana nan amma a kashe, ƙarƙashin sunan PTT a na'urorin Intel, ko fTPM a na AMD. Daga cikin sauran sharuɗɗan akwai RAM gigabait 4 da rumbu gigabait 64, da ƙwaƙwalwar da ke cikin jerin da kamfanin ya amince da shi. Akwai dabarun tsallake su, amma Microsoft ba ta yi alkawarin aiko da gyaran tsaro ga wanda ya tsallake ba. Mai tsohuwar na'ura yana da wata mafita, ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma kyauta ce bisa doka. Linux Mint tana tashi da RAM gigabait 2, ko da yake 4 ya fi daɗin aiki.

A ƙarshe, sa'ad da aka zo allon zaɓen yanki, a tsaya a karanta girman kowane yanki da sunansa. Zaɓin da ya ce a goge rumbu a girka, rumbun duka yake nufi, har da yankin da aka tara takardu. Wannan allo shi ne ya ci matashin Manawashi.

7. BAYAN AN GAMA

In kwamfuta ta sake kunna kanta sai ta koma farkon girkawa, filashin ne aka bari a sahun gaba. A zare shi, za ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Wanda ya haɗa Windows da Linux a na'ura ɗaya zai iya tarar da agogo yana saɓawa da sa'a ɗaya. Ba lalacewa ba ce. Linux tana ajiye agogon ciki bisa lokacin duniya, Windows kuwa bisa lokacin gari, Nijeriya kuma tana gaban lokacin duniya da sa'a ɗaya. A zaɓi Legas a matsayin yankin lokaci, a daidaita ɗayar ta bi ɗayar. Amma in kwanan wata yana komawa shekarun baya duk sa'ad da aka kashe, ɗan batirin ciki ne ya ƙare, mai kama da kwabo, wanda galibi lambarsa CR2032. Mutuwarsa takan sa saiti ya riƙa komawa yadda yake, shafukan intanet kuma su ƙi buɗewa.

Masu rubutu da Hausa su sani cewa Windows da Linux duk suna da tsarin maɓallan Hausa mai haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Ana ƙara shi daga saitin harshe.

8. MAI SON ZAMA A KAN FILASHI

Linux tana iya aiki daga filashi ba tare da an girka ta ba. Wannan yana da amfani biyu. Ana gwada sauti da intanet da na'urar buga takarda kafin a yanke shawara. Ana kuma ceto takardu daga kwamfutar da Windows ɗinta ta ƙi tashi, muddin rumbun ba a kulle yake ba. Da matashin nan ya san haka, da ya kwashe amanar mutane cikin rabin sa'a.

Sai dai wannan zama na baƙunci ne. Da an kashe na'ura, duk abin da aka rubuta ya tafi, sai in an ware wurin ajiya na dindindin lokacin rubuta filashin, kamar yadda Rufus take bayarwa ga Ubuntu da Debian. Har wa yau filashi ba a yi shi don yawan rubutu da gogewa ba, yakan mutu ba sallama. Kada a mai da shi ma'ajin kundin karatu shi kaɗai. Wanda kuma ya girka cikakkiyar Linux a kan filashi na biyu ya lura da inda ake ajiye manhajar tashi. In ta sauka a rumbun ciki bisa kuskure, kwamfutar tana iya ƙin tashi duk ranar da filashin ba ya jikinta.

9. GA MASU SAYE DA MASU KAI GYARA

Wasu kwamfutocin hannu suna zuwa da saiti a kulle da kalmar sirrin ma'aikatar da ta yi amfani da su a waje. Irin wannan na'ura tana iya ƙin tashi daga filashi har abada. Mai saye, ko a Gombe, ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko a Ikeja, ya shiga saiti a gaban mai sayarwa kafin ya biya.

In rumbu yana ƙara kamar ana ƙwanƙwasawa, ko an shafe kaya bisa kuskure, a kashe na'urar nan take, domin duk sabon abin da aka rubuta yana danne tsohon. A kai wa ƙwararre. Kafin a bar masa, a yi magana a fili kan abin da ba a yarda a goge ba, a kuma fita daga asusun banki da na imel. Masu shago su tuna cewa bayanan abokan cinikinsu amana ce, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta ɗora musu nauyin tsare su.

KAMMALAWA

Jama'a, hanyar gyara ita ce bi daki-daki. A kwashe kaya tukuna. A tabbatar da filashi da fayil. A daidaita mai gadi da filashi da rumbu. A sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta yadda aka same shi don a iya mayarwa. Duk saƙon da allo ya nuna a ɗauki hotonsa da waya, domin shi ne zai shiryar da mai taimako. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya miƙa wa maƙwabcinsa, malamai kuma su karanta wa ɗalibansu. Tsohuwar kwamfuta dukiya ce, in an bi ta a hankali za ta ƙara shekaru tana amfanar gida da ƙasa.